Mai Sallama Ba Ɓarawo Ba Ne

Kwamfutar farko da ta shigo gidanmu 'yar gwanjo ce, ta gama yi wa wasu bauta kafin ta iso hannuna. Na saye ta a ƙarshen 2012 a wani shago da ke bayan Babbar Kasuwar Injamena, jikinta da sauran tabon takardar da aka ɓamɓare, alamar daga wani ofis ta fito. Irin mai akwatin nan ce da ake girkewa a ƙarƙashin tebur, allonta da ƙatuwar ƙeya, fankar cikinta kuma tana gurnani kamar injin markaɗe. Mu a nan Chadi ordinater muke ce mata, amma tunda yawancin masu karatu na Nijeriya ne, bari in bi bakinku in ce kwamfuta. Windows XP ne a cikinta, na Faransanci.

Kakana Bakano ne. Ya fito da niyyar sauke farali a ƙafa, ya yada zango a wannan gari tun ana kiransa Fort-Lamy, guzuri ya ƙare, ya tsaya nema, nema ya kai shi ga aure, har Allah ya karɓi ransa yana cewa shi fa matafiyi ne. A 1973 aka canza wa garin suna zuwa Injamena, mu kuwa muna nan a unguwar Marjandafak, muna Hausa a gida, Larabcin Chadi a kasuwa, Faransanci a ofis. Wannan harshe uku shi ne jarina. Aikina rubuta wa 'yan kasuwa takardu: rasiɗin kaya, wasiƙa zuwa ga dillali a Duwala, takardun kwastan na kayan da ke tasowa daga Kano su bi ta Maiduguri da Gamboru, su ratsa Kuseri, su haye gadar Ngeli. Da can a shagon intanet nake aikawa, in biya kuɗin awa, in yi ta jiran layi. Shi ya sa da na sami kwamfuta na haɗa da ɗan modem, wanda muke kira kile, mai kama da filash, ana sa masa layin waya a cusa shi a bayan akwati.

Wanda bai zauna a Chadi a shekarun nan ba, ba zai gane yadda muke lallaɓa intanet ba. Ƙasarmu ba ta da bakin teku. Manyan wayoyin intanet a ƙarƙashin teku suke bi, su fito a gaɓa irin ta Kamaru, sannan a jawo su fiye da kilomita 1,000 kafin su iso mu, abin da bai biyo ta nan ba kuma sai ta tauraron ɗan'adam. Duk wannan nisa a aljihunmu yake ƙarewa. Kunshin wata guda da nake saye ya kusa kuɗin cefanen mako a gidana. Saboda haka nakan rubuta duk wasiƙuna tukuna, in jera su, sannan in haɗa layi in aika, in cire da sauri kamar mai ɗauke tukunya daga wuta. Ga shi a farkon 2013 hanyar Maiduguri ta fara zama abin tsoro, kaya sun ja baya, aiki ya yi ƙaranci. Kowace jika, wato sefa 1,000, sai na juya ta sau biyu kafin in sake ta.

Ana nan sai wata 'yar taga ta fara leƙo ni. Ina tsakiyar buga rasiɗi, ban buɗe komai na intanet ba, sai ta faɗo tsakiyar allo tana tambaya ko in haɗa layi. A ƙasanta akwai maɓallin haɗawa, da wani mai cewa "Travailler hors connexion", wato a ci gaba da aiki ba tare da layi ba. In latsa wannan, ta tafi. Kafin in gama sakin layi biyu ta dawo. Wani lokaci ina buga adadi ban ɗaga kai ba, ashe ta riga ta tare gaba, duk abin da na buga ya bi iska. Ran nan na ƙirga, sau goma sha huɗu ta zo tsakanin azahar da la'asar.

Maiɗakina tana tankaɗe a bakin ƙofa ta ji ina tsaki, ta ce, "Malam, wai kai da wa?"

Na ce, "Ni da wannan mayyar."

Ta leƙo ta gani, ta ce, "To ai tambayarka take yi. Ka ba ta amsa mana ta huta."

Da wasa ta faɗa, ni kuwa na ɗauka da gaske. Na lura a jikin tagar akwai wani ɗan gurbi da ake sa wa alama, ma'anarsa a riƙa haɗawa kai tsaye ba sai an tambaya ba. Ban tsaya na auna maganar ba. Abin da kawai na fahimta shi ne, in na sa alamar nan tagar za ta daina zuwa. Na sa. Ta kuwa daina. Na yi kwana biyu ina aiki cikin kwanciyar hankali, har ina yaba wa kaina.

A nan ne zan kawo Habibu. Ɗan yayata ne, mahaifinsa ya rasu a Abeshe, can gabas kan hanyar Sudan, aka turo mini shi ya yi karatu. Shekararsa goma sha biyar a lokacin, yana ajin da za su rubuta jarrabawa a watan Yuni. Yaro ne marar hayaniya, irin wanda in ka aike shi sai ya kawo maka canji har da dala ɗaya. Abu ɗaya na sani game da shi: yana son kwamfutar nan kamar ransa. In ina aiki yakan tsuguna a gefe ya zuba ido, har ya haddace inda kowane harafi yake. Na taɓa barinsa ya buga sunansa, ya yi ta kallon sunan a allo kamar an ba shi kyautar doki.

Kwana shida da sayen sabon kunshi, na zo aika takardar wani Alhaji mai atamfa, layi ya ce ba ni da ko sisi. Na ɗauka kuskure ne. Na cire layin na sa a waya na duba, wayam. Na ciji yatsa na sake saye, domin motar Alhaji tana tsaye a Kuseri tana jiran takarda. Wannan karon kwana biyar ya yi. Ni kuwa na san abin da na aika bai fi wasiƙa ashirin ba.

Watan Afrilu ne, zafin Injamena ya kai inda yake kaiwa, ma'auni yana haura 40, kowa a tsakar gida yake kwana. Wutar lantarki, wadda muke ce wa kuran, ba ta zuwa unguwarmu sai dare ya raba, ta ɗauke kafin asuba, da rana kuwa ɗan janareto nake tayarwa in aiki ya taso. Wata rana cikin dare na farka zan kama ruwa, sai na hango haske shuɗi-shuɗi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin aikina. Na waiga wajen tabarmar Habibu, ba kowa. Ban je ɗakin ba. Na koma na kwanta, zuciyata ta gama yanke hukunci. Daga baya na ji cewa a daren nan cikinsa ne ya ɓaci, yana bayan gida. Amma a lokacin ban tambaya ba, don mai neman shaida in ya sami rabinta ba ya jiran sauran.

Da safe bayan an karya na kira shi. Ya zo ya durƙusa.

Na ce, "Habibu, me kake kallo a intanet da dare?"

Ya ɗago a firgice. "Kawu, ni?"

"Kai. Na ga haske jiya, na duba shimfiɗarka ba ka nan."

"Wallahi Kawu ban taɓa kunna ta ba in ba ka nan."

Rantsuwar nan ita ta ƙara tunzura ni. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce na ɗauko shi don zumunci ya zo yana cin amanata. Na ce kuɗin da yake ƙonawa na abincin da yake ci ne. Maiɗakina ta sa baki, "Malam, a bi a hankali, yaron nan ba halinsa ba ne." Na ce ta bar ni da ɗan 'yar'uwata. Da yamma na buga wa Yaya waya na ce ƙarshen wata zan sa shi a mota. Ta yi shiru, can ta ce, "To, ɗanka ne. Duk yadda ka gani." Na ji muryarta ta karye kafin ta kashe. Na san sarai in ya koma Abeshe a watan Afrilu, jarrabawar shekarar nan ta wuce shi.

Habibu bai sake cewa komai ba. Yana ɗebo ruwa, yana zuwa makaranta, yana gaishe ni safe da yamma, amma ya daina zama inda nake. Na sa wa ɗakin kwaɗo, mabuɗi a aljihuna, na sayi kunshi na uku da kuɗin da na ranta.

Kwana huɗu, shi ma ya tafi.

Maiɗakina ta ce, "Yanzu kuma wa za ka ce? Ko dai mutanen ɓoye ne? Ni dai tun da aka kawo abin nan ban yarda da gurnaninsa ba." Ni kuwa zato ya riga ya yi mini kanta, sai na ce yaron ya sami wani mabuɗi. Na ƙudura sai na kama shi da hannuna. Na sa ɗan kati kaɗan a layin, bayan isha'i na shiga ɗakin a ɓoye, na turo ƙofa, na zauna a kujera cikin duhu, gumi yana bin bayana, sauro yana waƙa a kunnena. Ta ɗan tsagin taga ina hango Habibu a tabarmarsa, ya yi matashi da littafi.

Wajen ƙarfe biyu aka kawo wuta. Na ji firjin maƙwabta ya ɗauka, yara a wani gida suka yi ihu. Sai kawai na ji gurnani a ƙarƙashin tebur, daf da ƙafata. Allo ya kawo haske. Ba wanda ya taɓa komai. Ina zaune baki buɗe Windows ya gama buɗewa, domin ban sa masa kalmar sirri ba. Ɗan fitilar kile, wanda ke ƙiftawa in ba layi, ya tsaya cak ya daina ƙiftawa. A kusurwar allo 'yan kwamfutoci biyun nan suka kama walƙiya, alamar kaya na shiga suna fita. Na sake leƙawa waje. Yaro yana barcinsa, ko motsi bai yi ba.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a zaune ba. Na dai tuna na miƙa hannu na zare kile, na riƙe shi a tafina, da ɗumi kamar ƙwai.

Washegari na naɗe akwatin a tsohon zane, na hau kilando, wato ɗan acaɓa, na nufi wajen wani mai gyara a kasuwar Dembe da aka yi mini kwatance. Saurayi ne ɗan kudu, daga Mundu, da Larabci muka yi magana. Na kwashe labari na faɗa masa, ban da zancen Habibu. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Ustaz, ba aljani ko ɗaya. Abu uku ne suka haɗu maka, kuma ɗaya da hannunka ka yi shi."

Na farko, kunna kai. Ya tayar da ita yana ta latsa wani maɓalli tun kafin Windows ya fito, sai ga wani shuɗin allo mai rubutu tsagwaro, wanda ake kira BIOS. Ya nuna mini layin da ke faɗa wa inji abin da zai yi in wuta ta dawo bayan ɗaukewa: ya zauna a kashe, ko ya koma yadda yake, ko ya kunna kansa. Tawa an saita ta a kan ta kunna kanta. Ya ce ofisoshi da yawa haka suke yi don inji ya koma bakin aiki ba sai an zo ba. Wato ita tana bin umarnin tsohon maigidanta ne, ba wanda ya gaya mata ta canza gida. Ya mayar da shi kan ta zauna a kashe.

Na biyu, tagar da na kora. A nan ya gyara zama. Ya ce kile ɗin nan, duk da ta iska yake aiki, Windows yana ɗaukarsa kamar tsohon modem na wayar tangaraho, wanda sai an buga lamba kafin a shiga. To duk manhajar da ke cikin kwamfuta in ta nemi wani abu a intanet ta tarar ba layi, sai Windows ya fito da tagar nan ya tambayi mai gida. Ya ce, "Tagar ba ita ke son fita ba. Maigadi ce. Wani ne a cikin gida yake son fita, ita kuma ta zo ta ce maka, ga wane zai fita, in buɗe? Kai kuma da ta dame ka sai ka ce mata, daga yau kowa ya zo ki buɗe, kada ki ƙara tashina."

Na ji maganar nan har cikin ƙashina. Sau goma sha huɗu a yini tana yi mini sallama, ni ina zaginta. Mai shigowa da mugun nufi ai ba ya sallama.

Ya buɗe Panneau de configuration, ya shiga Options Internet, ya latsa shafin Connexions. Akwai zaɓi uku a jere: kada a taɓa haɗawa, a haɗa in babu wani layi, ko a riƙa haɗawa kullum. Ya zaɓi na farko, "Ne jamais établir de connexion". Ya cire alamar da na sa. Sannan ya shiga jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa a bayan fage, ya tsayar da wanda ke kula da haɗa layi kai tsaye. Ya ce daga yanzu ba mai fita sai na buɗe da kaina.

Na ce, "Shi ke nan an gama?"

Ya ce, "An rufe ƙofa dai. Amma masu son fita suna nan a ciki. Ba ka so ka san ko su wane ne?"

Wannan shi ne na uku, kuma shi ya fi cin lokaci. Ya haɗa layi da nasa kile, ya buɗe wani baƙin allo ya buga netstat -b, sai ga jerin duk manhajar da ke magana da waje a wannan lokaci, kowace da sunanta. Ya kuma buga msconfig ya nuna mini waɗanda ke tashi tare da kwamfuta tun daga kunnawa, sannan ya duba jerin ayyukan da aka sa wa lokaci. Na ɗauka ni kaɗai ne a ɗakina, ashe gidan haya ne. Akwai maganin bairos na gwaji da wa'adinsa ya ƙare tun tuni, kullum yana fita neman sabuntawa. Akwai manhajoji uku ko huɗu, na karanta takardu da na kallon bidiyo, kowace tana leƙawa ko an fitar da sabuwarta. Akwai wata ta sauke finafinai da aka bari a ciki tun kafin in saya, da jerin finafinan da ba su gama sauka ba, tana ja tana kuma raba wa wasu mutane a duniya abin da ta riga ta ja. Ita ce babbar mai cin kuɗin. Sai kuma wata tsutsa mai suna kamar an watsa haruffa, wadda ya ce ta filash ta shigo.

A nan ma ba ni da bakin magana. Filash ɗina ba inda ba ya shiga: shagon intanet, wajen masu buga takardu, wajen masu tura wa'azi da waƙoƙi. Ya ce a zamanin XP da an cusa filash inji yakan buɗe abin da ke ciki da kansa, tsutsotsi irin Conficker, wadda ta ɓulla a ƙarshen 2008 ta kama miliyoyin kwamfutoci a duniya, da wannan hanya suka yi ta yaɗuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya kashe wannan buɗe kai, ya goge ta finafinan, ya cire mataccen maganin ya sa mai rai, ya share tsutsar, sauran kuma ya saita su a kan sai an tambaye ni.

Na ce ya toshe duka kawai, kowa ya huta. Ya girgiza kai. Ya ce biyu daga ciki dole a bar su su riƙa fita, maganin bairos da sabuntawar Windows, domin su ne masu ɗinke ɓaraka. Abin da za a yi shi ne in zaɓa musu lokaci da kaina, ranar da nake da hali. Gaskiyarsa ta fito a watan Mayun 2017, lokacin da WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da asibitocin Ingila, alhali maganin ɓarakar ya fito tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci. Kafin in tafi ya ƙara mini da ɗaya wadda ba ta buƙatar ilimi: in na gama aiki in zare kile in sa a aljihu.

Jika uku ya karɓa. Na hau kilando da akwati a cinya, muna ratsa ƙura, ni kuwa lissafin da nake yi ba na kuɗi ba ne. Gyaran inji ya ɗauki awa biyu. Ɗaya gyaran ban san ta inda zan fara ba.

Mu Hausawa ba mu saba babba ya ba yaro haƙuri ba. Akan wayance ne, a sayo masa takalmi, ko a ƙara masa nama a miya, a bar shi ya gane da kansa. Na yi niyyar yin haka. Maiɗakina ce ta hana. Ta ce, "Malam, a gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka janye. Takalmi ba ya goge ɓarawo."

Bayan magariba na sa aka shimfiɗa tabarma, na kira duk wanda ya ji faɗan ranar nan, har da yaran gida. Habibu ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, ina jin ya ɗauka zancen mota ne.

Na ce, "Habibu, na zalunce ka. Ba kai ba ne. Injin ne yake kunna kansa, kuma ni na buɗe masa hanya da hannuna. Ka yafe mini."

Ya sunkuyar da kai. "Kawu, ba komai. Ai kai uba ne."

"Uba ma yana kuskure. Ka ce ka yafe."

"Na yafe, Kawu."

Sai a lokacin hawaye suka zubo masa, waɗanda bai zubar ba ranar da nake zaginsa. Na buga wa Yaya waya a gabansa na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ni dama na san abin da na haifa, amma ban so in musa maka." Wannan ta fi zagi ciwo.

Zan so in ce daga nan komai ya koma yadda yake, amma magana zarar bunu ce. Na cire kwaɗo, na ce ya riƙa amfani da kwamfuta duk lokacin da ya so, har na ce zan koya masa aikin rasiɗi. Ya ce to, ya gode. Har ya gama shekarar nan bai taɓa ta ba. In na kira shi ya duba mini wani abu a allo, yakan tsaya ya harɗe hannuwansa a baya. Ya ci jarrabawarsa, ya ci gaba da zama da mu shekara uku, kuma a hankali ya dawo yana zama kusa da ni. Amma tsugunon nan na gefen tebur, da idon nan mai ƙyalli, ban ƙara ganinsu ba. Tun muna yara ake gaya mana zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Nawa bai ma zama gaskiyar ba.

Yau tsohuwar kwamfutar tana ɗakin ajiya, an ɗora mata buhun gero. Microsoft ya daina kula da XP tun watan Afrilun 2014, kile ma ya zama tarihi, yanzu da waya muke ba laftof layi. Sai dai masu son fita ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi, kuma na yanzu ba mai yi maka sallama. Tagar da ta dame ni a 2013 ta fi su ladabi. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini kukan data tana ƙarewa ba dalili, abin da saurayin Dembe ya koya mini nake maimaita masa da sabon salo. In Windows 10 ko 11 gare ka, shiga saitin layin da kake amfani da shi ka sa masa alamar layi mai awo, wanda na Faransanci ke kira "connexion limitée", inji zai rage jan manyan kaya sai ka yarda. Duba shafin da ke nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci, a kwamfuta da a waya, za ka ga mai babban ciki da sunansa. Rage masu tashi tare da inji. Wadda ba ka san wanda ya sa ta ba, bincika kafin ka bar ta. In kuma wata taga ta fito tana tambayarka, karanta ta tukuna, kada ka sa alamar "kar a sake tambayata" don kawai ta ishe ka. A watannin nan goma sha shida, daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, da aka toshe Facebook da WhatsApp a Chadi, kowa ya koma VPN, na ga mutane da yawa suna sauke duk abin da aka tura musu suna latsa "na yarda" ido rufe. Wasunsu sun zo daga baya suna zargin 'ya'yansu da matansu da cinye musu kati. Nakan ce su zauna, in zuba musu karkanji mai sanyi, in ba su labarin nan tun daga farko.

Habibu yana Abeshe yanzu, ya yi aure, yana koyarwa. Kwanakin baya na kira shi ina mitar wayata tana shan kati kamar rairayi. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kawu, ka duba wa ke fita tukuna."

Na ce, "Na duba, ɗana. Wannan karon na duba."